Wane littafin liniya aljabara ya cancanci kuɗinka a Legas?

Duk wanda ya shiga aji biyu a jami'a yana karanta lissafi, injiniyanci, kimiyyar kwamfuta ko ƙididdiga, liniya aljabara na nan tana jiransa a hanya. Yaranmu da ke karatu a Akoka da Ojo da Yaba tambayarsu ɗaya ce idan zango ya kama: wane littafi zan saya, kuma in biya mai lesin ko in bari? Kuɗin da za su kashe ɗin ba daga sama suka faɗo ba. Wani mahaifinsa a Mile 12 ya yini cikin tumatir da albasa kafin ya ƙirgo masa su, wani kuma yayansa ne ya cire daga cinikin Alaba Rago. Shi ya sa nake ganin bai kamata a saya da ka ba.

Ka fara sanin halin darasin, domin shi zai nuna maka abin da za ka nema. Makonnin farko daɗi gare su: warware ikweshan masu haruffa biyu ko uku, rage layukan matiriks (lambobin da aka jera layi-layi a kwance da tsaye) har sifili ya jeru a ƙasa, ninka matiriks da matiriks, fitar da ditaminan, wato lamba ɗaya da ake lissafowa daga matiriks. Wanda ya yi lissafi mai zurfi a sakandare sai ya ga kamar gida ya dawo. Can wajen tsakiyar zango sai lakcara ya shigo da sararin bekta (tarin abubuwan da ake iya tarawa ko ninkawa da lamba, kamar jerin lambobi), lambobi su ɓace daga allo, a koma ma'anoni da hujjoji. A ce maka kawo hujjar cewa wannan tari ƙaramin sarari ne, ko ka nuna bektocin nan suna cin gashin kansu, babu wadda za a iya haɗa ta daga sauran, ko ka nemo tushen sararin ka faɗi adadinsa. A nan yawancin kariyoba ke samo asali. Ɗalibin da ya iya ninkawa da ɗebewa tsaf sai ka ga ya zauna da biro a hannu bai san ta inda zai fara ba. Don haka ma'aunina na farko ga kowane littafi shi ne ko zai tsallakar da kai wannan gaɓar.

Da wannan ma'aunin, zaɓina shi ne Linear Algebra and Its Applications na David Lay, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka kafin rasuwarsa a 2018. Daga bugu na 5 zuwa sama za ka ga sunayen Steven Lay da Judi McDonald tare da nasa a bango.

Dabarar marubucin ita ce bai jira tsakiyar littafi ba kafin ya kawo abubuwan da ke kayar da ɗalibai. Tun a babi na 1, kana cikin rage layuka da lambobi ƙuru-ƙuru a gabanka, zai sa ka fara tambayar kanka: wannan bektar za ta samu daga haɗa waɗancan biyun? Layukan tsaye na matiriks ɗin nan suna cin gashin kansu ko kuwa? Ka yi ta amsa irin wannan da lambobi har hannunka ya saba. Kafin ka iso babi na 4, inda sararin bekta yake, ka riga ka san kalmomin da abin da suke nufi, abin da ya rage kawai shi ne a cire lambobin a bar tsarin. Na ga yaran da suka bi wannan hanyar, ranar da lakcara ya fara hujjoji ba su firgita ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da yake ginawa sannu a hankali, ta matiriks mai inbas, wato wadda ke da wata matiriks da ke warware aikinta. Ya fara da jerin maganganu da duk abu ɗaya suke faɗa: matiriks mai layukan kwance da na tsaye daidai wa daida tana da inbas, daidai yake da a ce layukanta na tsaye suna cin gashin kansu, daidai yake da a ce ikweshan ɗinta da sifili a dama ba shi da amsa sai sifili. Idan an zo ditaminan sai a ƙara cewa ba sifili ba ce. Idan an zo aigenbalu, wato lambobin da matiriks ke ninka wasu bektoci da su ba tare da ta kawar da su daga layinsu ba, sai a ƙara cewa sifili ba ya cikinsu. Ɗalibin da ya riƙe wannan jerin ya riƙe rabin darasin, domin tambayoyin jarrabawa da yawa ba komai ba ne illa a ba ka ɗaya daga ciki a ce ka fito da wata. Sannan ga tambayoyin gaskiya ko ƙarya da ke cikin atisayensa, waɗanda sai ka kawo dalili. Za a ce maka ninka A da B daidai yake da ninka B da A, kai kuma ka nemo ƙananan matiriks biyu da za su ƙaryata maganar. Irin wannan ne ke koya wa mutum rubuta hujja ba tare da ya ankara ba. Kafin kowane atisaye akwai 'yan tambayoyin gwaji da aka warware su daki-daki, a bayan littafin kuma akwai amsoshin tambayoyi masu lambar mara. Wanda ke karatu shi kaɗai da daddare a Agege ko Idi-Araba, ba shi da wanda zai duba masa aiki, ya san darajar wannan.

Nauyi gare shi a jaka, sabo kuma yana da tsada. Ba sai ka dage a kan bugun ƙarshe ba. Na 4 ko na 5 da wani ɗan ajin ƙarshe ya gama da shi zai yi maka aiki, babukan da za ku yi a aji biyu suna nan yadda suke.

Na Gilbert Strang, Introduction to Linear Algebra, mutane da yawa shi za su ce maka. Mutumin malami ne na gaske, ya shafe sama da shekara sittin a jami'ar MIT ta Amurka kafin ya yi laccarsa ta ƙarshe a 2023, kuma laccocinsa na darasin liniya aljabara mai lamba 18.06 suna intanet kyauta, sun haura talatin. Shawarata ka kalli laccocin, ka bar littafin. Rubutunsa hira ce, yana sa ka ga hoton abu a zuci, amma lakcarorinmu ma'ana da hujja a jere suke so a takardar amsa, kuma ba nan ya fi ƙarfi ba. Ka sauke bidiyon inda ka samu intanet mai araha, ka kalla a cikin BRT ko danfo idan gosulo ya riƙe ku a titin Ikorodu. Haka ma gajerun bidiyon tashar YouTube ta 3Blue1Brown na 2016, suna nuna maka da zane yadda matiriks ke juya fili da miƙa shi, da dalilin da ya sa ditaminan sifili ke nufin filin ya matse. Amma kallo ba ya maye gurbin biro da takarda.

Schaum's Outline na Seymour Lipschutz da Marc Lipson ɗaruruwan tambayoyi ne da aka warware, ya dace da makonnin dab da jarrabawa, na biyu ne ba na farko ba. Linear Algebra Done Right na Sheldon Axler ya kai ditaminan can ƙarshe, na mai son komawa karo na biyu ne, kuma bugunsa na 4 kyauta yake a intanet da izinin mawallafa. Na Howard Anton ba laifi, idan shi ka samu ka riƙe. Na Hoffman da Kunze ka bar wa masu digiri na biyu. Handawut ɗin lakcara kuwa ka mallake shi ko ta halin ƙaƙa, tare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, don ka san alamomin da yake amfani da su da inda ya tsaya, sai dai shafukansa ba su isa su koyar da kai ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai. Littattafan makaranta na jabu sun cika gari, a kan tebur bakin titi har da cikin wasu shaguna masu gilashi. Bangon yana sheƙi kamar na gaske, cikin kuwa fotokwafi ne da aka ɗinke. A littafin labari idan harafi ya dushe za ka iya cankar kalmar. A liniya aljabara ba haka ba ne. Ɗauki 2x + y = 5 da x − y = 1, amsa ita ce x = 2, y = 1. Idan ka rubuta su a matiriks, alamar ɗebewar nan 'yar ƙaramar sanda ce a gaban 1. Ta dushe a bugu, ikweshan na biyu ya koma x + y = 1, amsa ta zama x = 4, y = −3. Ba kuskuren da ka yi, amma amsarka ba za ta taɓa dacewa da ta bayan littafi ba, kuma kanka za ka zarga. Ni an taɓa sayar mini da irin wannan a wani shago, ƙananan lambobin da ke gindin haruffa duk sun cakuɗe ba a bambance 1 da 2, shafukan amsoshi na ƙarshe kuma babu su kwata-kwata, an yanke don a rage takarda. Da na koma, mai shagon ya ce kaya sun riga sun fita. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin darasi ne da mai koyo ke shakkar kansa tun farko, sai kuma a ƙara masa da littafin da ke yi masa ƙarya.

Saboda haka kada ka miƙa kuɗi sai ka buɗe. Idan an naɗe shi a leda aka ce ba a buɗewa, ka ajiye ka wuce. Fara daga baya, ka tabbata amsoshi da fihirisa suna nan. Ka duba shafin jerin babuka, ka zaɓi uku daga tsakiya, ka ga ko lambar shafin ta dace, domin masu bugun sata kan tsallake damin shafuka ko su maimaita wani. Nemi shafi mai manyan matiriks ka kai shi haske, ka ƙura wa alamun ɗebewa da ƙananan lambobi ido. Na Lay na asali galibi yana da launi a zane-zanensa da akwatunan ƙa'idoji, idan ka ga duk sun koma toka-toka, ka ƙara buɗe ido. Ka ɗaga takarda ɗaya, idan rubutun bayanta yana ratsowa, damina ɗaya ta Legas za ta gama da shi. Ka buɗe shi ta tsakiya ka danna kaɗan, na jabu gam ɗinsa nan take yake fara tsagewa. Araha ba ta ado. Tsohon littafi na asali da ɗan datti a bango ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, kuma ka fara tambayar 'yan aji uku da huɗu na sashenku kafin ka nufi Yaba ko Ojuelegba.

Kalkuleta ma haka. Casio fx-991ES Plus tana ɗaukar matiriks har mai layi uku-uku, fx-991EX kuma har huɗu-huɗu, kuma duka biyun ana kwaikwayonsu. Ka gwada a gaban mai sayarwa. Shigar da layuka 1, 2, 3, sai 0, 1, 4, sai 5, 6, 0. Ditaminan 1 ce, layin farko na inbas kuma −24, 18, 5. Sannan ka sa 1 zuwa 9 a jere, uku-uku: ditaminan sifili ce, idan ka nemi inbas dole ta ƙi. Ka danna kowane maɓalli ka ji ko yana amsawa da taɓawa ɗaya. Ka kuma tambayi sashenku irin wadda aka yarda a shiga da ita ɗakin jarrabawa tun kafin ka saya. Amfaninta duba aikin da ka riga ka yi da hannu, domin maki a kan matakai ake bayarwa.

Ga masu sayar da fayil ta WhatsApp, su ce ka tura kuɗi su turo maka littafi. Na Axler kyauta ne, na Jim Hefferon kyauta ne, laccocin MIT kyauta ne, Jami'ar NOUN ta karatu daga gida ma tana sa kayan karatunta a shafinta kowa ya sauke. Mafi haɗari a cikin hajarsu shi ne kundin amsoshin dukkan atisaye. Wanda ya ajiye shi kusa zai riƙa leƙawa kafin ya yi gumi, ya ji kamar ya gane, ranar jarrabawa kuma ya ga farar takarda. Wanda ya ce maka yana da tambayoyin da za su fito, ka guje shi, ko ƙarya yake ya ci kuɗinka, ko gaskiya ce ka jefa kanka cikin abin da ake korar ɗalibi a kansa.

Mai lesin kuwa, akwai na kirki, amma ka zauna zama ɗaya kafin ka biya na wata. Ka tambaye shi me ya sa ake rage layuka maimakon a bi hanyar Cramer, wadda ke warware ikweshan da ditaminan, a kowane lokaci. Wanda ya san abin zai ce maka ditaminan mai layi uku gaɓa 6 gare ta, mai huɗu 24, mai biyar 120, aikin yana kumbura har ya fi ƙarfin hannu. Ka ce ya nuna maka dalilin da ya sa tarin da babu bektar sifili a ciki ba zai zama ƙaramin sarari ba. Idan ya ce ka haddace kawai, kuɗinka ya fi amfani a wani wuri. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan aji ɗaya, ku sayi Lay na asali guda, Schaum's guda, ku tsayar da rana biyu a mako bayan la'asar, kowa ya zo da tambayoyin da ya riga ya gwada shi kaɗai, ya tashi ya yi wa sauran bayanin guda ɗaya da bakinsa. Ku fara tun makon farko, kuma ku kai babi na 4 kafin lakcara ya kai.