Abin da Ya Kamata a Saya Domin Kula da Kabad ɗin Katako na Kicin

Kafin uwargida ta kashe kuɗi a kan kwalaben goge katako da suka cika kantuna, ya kamata ta fara sanin abin da kafinta ya shafa wa kabad ɗinta, domin abin wanki a kan shafen yake sauka, ba a kan katakon ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗiga ruwa a cikin ƙyauren kabad inda ido ba ya kaiwa. Idan ya tsaya ya dunƙule, akwai banish ko fenti mai kariya, idan kuwa ya nutse ya bar tabo mai duhu, to katakon tsirara yake ko kuma mai kawai aka shafa masa, kuma ruwa kaɗan ma yana iya ɓata shi.

Babbar matsalar kicin ita ce maiƙo. Tururin man gyaɗa da manja yakan tashi daga tukunyar suya ya manne a ƙyauren da ke saman risho, ƙura ta bi ta zauna a kansa, har wurin mariƙi ya yi baƙi yana kama yatsa. A ganina babu abin da ya fi sabulun wanke kwanuka na ruwa, irin su Morning Fresh, dacewa da wannan aiki, tunda domin narkar da maiƙo aka yi shi, kuma ba ya cin banish. Ɗigo kaɗan a ruwan ɗumi ya isa. A tsoma tsumma mai laushi, ko da tsohuwar singileti ce, a matse shi sosai, a goga bisa tsawon jijiyar katakon, sannan a bi da busasshen tsumma nan take.

Garin Omo da toka sun fi ƙarfin wannan aiki, suna dusashe ƙyalli, soson ƙarfe kuma yana barin ƙarce da ba ya gyaruwa sai an sake shafe. Bilic irin su Hypo da Jik yana kashe launi. Ruwan khal yana taimakawa idan an sirka shi da ruwa mai yawa, amma yawan amfani da shi yana rage sheƙin banish, kuma kada a kuskura a haɗa shi da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Wasu na goge katako da kananzir. A ɗakin da ake kunna wuta ake ajiye abinci, wannan ganganci ne.

Batun man ƙyalli na feshi, kamar Mr Sheen da Pledge, shi ne inda mutane suka fi asarar kuɗi. Yana sa katako sheƙi a ranar farko, amma ba ya cire maiƙo, rufe shi kawai yake yi, kuma yawancinsu na ɗauke da silikon, wani sinadari mai santsi, wanda ke taruwa sannu a hankali, har ya hana sabon banish kamawa ranar da kafinta ya zo gyara. Ga kabad na katako na gaske, madaci ko iroko, man da aka haɗa da kakin zuma ya fi amfani. A shafa shi siriri sau 1 ko 2 a shekara, musamman gab da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa katako tsagewa. Man zaitun da man gyaɗa ba su dace ba, domin sukan lalace su yi wari, su kuma jawo kyankyasai.

Yawancin kabad na zamani da MDF ake yinsu, wato matsattsen garin katako da aka lulluɓe da leda mai kama da katako. Wannan ba ya buƙatar mai ko kaki ko kaɗan. Abin da ke kashe shi ruwa ne, domin da zarar ya shiga ta gefen allon, allon zai kumbura kuma ba ya komawa. Mai irin wannan kabad gara ta sayi shimfiɗar roba ta sa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta riƙa duba bututun ko yana yoyo, ta kuma bar ƙyauren a buɗe lokaci-lokaci da damina domin iska ta shiga.