Tsara Farashi a Manhajar OpenSolar

Abin da ya fi burge ni a manhajar OpenSolar, wadda masu haɗa sola ke amfani da ita kyauta, shi ne yadda ta raba kuɗin da aka kashe da farashin da za a faɗa wa mai saye. Mutum zai shigar da kuɗin faifan sola, inbata, batir da ladan ma'aikata, sannan ya ɗora ribarsa bisa kaso cikin ɗari, ko ya yanke farashi a kan kowane wat (ma'aunin ƙarfin wutar lantarki). Na fi amincewa da hanyar farko, domin tana fito da ribar kowane aiki a fili. Sai dai wajibi ne a riƙa sabunta kuɗin kaya duk lokacin da dala ta motsa, musamman na batirin litiyam.