Shagon tura kuɗi Sin da yuwan, abin da na gani bayan oda uku

Jama'a salamu alaikum. Ni kayan sola nake saidawa a nan Sakkwato, fanel da batir da fanka mai caji, kun dai san zafin garinmu in Afrilu ta kama ba sai an roƙi mutum ya sayi fanka ba. Wata shida ke nan ina hulɗa da wani shago wajen babbar kasuwa, aikinsu ka ba su naira su biya maka mai kayanka a Guangzhou ko Yiwu da yuwan, kuɗin Sin, ta manhajar biyan kuɗi ta Alipay, ba sai ka bi ta dala ba. Ba zan faɗi sunansu ba kar a ce talla aka biya ni.

Gaskiya wajen sauri ban da ta cewa. Oda ta farko na tura da hantsi, kafin la'asar mai kayana na Sin ya turo min shaidar kuɗi sun shiga, alhali da can sai na nemi ɗan canji na sayi dala, can kuma a sake juya ta zuwa yuwan, ko'ina a ɗan yage ka. Yaron da ke kan kwamfuta ma yana da haƙuri, sau uku yana karanta min lambar asusu kafin ya danna.

Amma ga inda na tsaya. Alhajin shagon kullum maganarsa wai zamanin dala ya ƙare, Najeriya ta zama abokiyar BRICS, ƙungiyar su Sin da Rasha da Indiya, a Janairun 2025, ga yarjejeniyar musayar kuɗi da CBN, babban bankin Najeriya, ta sa hannu da babban bankin Sin tun 2018, ta yuwan biliyan 15, aka kuma sabunta ta a ƙarshen 2024. Duk haka ne. To ranar oda ta biyu na ce ranka ya daɗe nawa yuwan yau, wallahi sai da ya leƙa wayarsa ya duba farashin dala a kasuwar bayan fage kana ya danna kalkuleta ya ba ni amsa. Na ce Alhaji ashe gawar tana numfashi, muka yi dariya. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta a Yunin 2023 duk tsallen da dala ta yi, yuwan ɗin wanga shago na biye da ita.

Kuma abin bai ba ni mamaki ba, ko a IMF, asusun ba da lamuni na duniya, Amurka na riƙe da sama da kashi 16 na ƙuri'u, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85, kenan ita kaɗai tana iya cewa a'a, Sin da duk masana'antunta kashi 6 da ɗan wani abu take da shi. Mai jirgin ruwan da ke ɗauko kwantena zuwa Legas shi ma da dala yake lissafi.

Oda ta uku ce ta ɗan ɓata min rai, ta faɗo cikin hutun sabuwar shekarar Sin kuma ba wanda ya gargaɗe ni, kuɗina suka yi kwanaki a sama ina kira ana cewa a ƙara haƙuri. Rasit ɗinsu ma na hannu ne, ya kamata su gyara.

Tauraro 4 cikin 5. In za ka je, tambayi farashi wuri biyu tukuna, kuma ka fara da ƙaramin kuɗi.