Zuwa ga malaman gida masu shirin zuwa aikin da'awa a Jidda da Makka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Tambayoyin da ke zuwa daga gida kusan iri ɗaya ne: nawa albashi, yaya masauki, a taho da iyali ko a bari. Ga yadda abin yake a ƙasa.

A gida mutunci ke tafiyar da malami, ko ba takarda za a shimfiɗa masa buzu. A nan igama, wato katin izinin zama na baƙo, ita ce ke tafiyar da kowa. Kafin tashi za a yi gwajin lafiya a asibitin da tsarin Wafid ya zaɓa, bayan sauka a sake wani, sannan ofishin da ya ɗauko mutum ya fitar masa da igama cikin kwana 90. Kafin ta fito da wuya a samu asusun banki ko yarjejeniyar haya da sunanka. Don haka a taho da guzirin wata biyu a aljihu, kada a dogara da albashin farko. Da ta fito a buɗe Absher da Nafath, manhajojin gwamnati na waya, da layin waya mai sunanka, don duk lambar sirri can za ta riƙa shiga. Masu aron layin wani su ne suka fi shan wahala: mai layin ya yi tafiya, komai ya kulle. Fasfo kuma naka ne, doka ba ta ba kafili, wato wanda ya ɗauko ka aiki, damar riƙe shi ba.

Mumbari ma da takarda ake hawa. Ba a tashi bayan sallar Magariba a ce jama'a a ɗan dakata, kamar yadda aka saba a masallatan unguwa a Kano ko Gusau. Wa'azi da karatu sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Musulunci, kuma yawanci ta ofisoshin wayar da kan baƙi ake bi, waɗanda ake kira jaliyat. Su ke tsara wuri da lokaci, su ke ba da littattafai kyauta, har da Alƙur'ani mai tarjamar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi da ake bugawa a Madina. Ta wannan fuska an huta da neman kuɗin bugu da hayar lasifika. Amma tara taimako a hannu, ko na ginin masallaci a ƙauyenku ne, laifi ne. Sadaka ta kafofi masu lasisi ake bayarwa, irin su Ehsan.

Sai gida, inda kuɗi ke zurarewa. Haya ta Ejar, tsarin gwamnati na intanet, ake rubuta ta, a biya ta can, dillali ya karɓi kashi 2.5 cikin ɗari. Yawancin masu gida wata shida-shida suke so. Abin da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne gidan fanko ake ba da shi: sau da yawa ba kabad ɗin kicin, ba na'urar sanyaya ɗaki, sai rami murabba'i a bango inda za a cusa ta. Kada a ruga kanti. A Jidda a nufi Harajus Sawarik a kudancin gari, kasuwar gwanjo ce da za a haɗa katifa, firji, murhun gas da kafet a yini ɗaya. Sai dai duk abin da ke da inji a sa a kunna shi a gabanka, a jira minti goma a ji ko yana sanyi.

Na'urar sanyin nan, mukayyif a bakin mutanen gari, ba kayan gayu ba ce. Zafin Makka busasshe ne irin na Sakkwato a watan Afrilu, sai dai ya fi tsawo. A Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Harami. Na Jidda kuwa gumi ne, iskar teku mai danshi, riga ta manne a baya tun kafin a kai masallaci. Wuta ba ta ɗaukewa sai nadiran, ba janareta, ba layin mai. Amma mita ba ta san malami ba. Halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) ake biya kan kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura halala 30, a ɗora harajin kashi 15. Mukayyif na taga mai jan kamar kilowat biyu, in ya yi awa 12 kullum, zai sha wajen 720 a wata, kusan riyal 150 ke nan shi kaɗai. Ɗaki uku sai a ninka. A wanke rariyarsa duk mako biyu. In ta toshe da ƙura sai ƙanƙara ta kama ciki, ruwa ya riƙa ɗiga a bango, sanyi ya ragu, kuɗi ya ƙaru.

Soket ɗin mai baki uku ne irin namu, amma wutar nan mai zagaye 60 ce, ta gida 50. Cajar waya da kwamfuta ba ruwansu, a duba jikinsu za a ga 50/60. Injin aski mai karkarwa da aka taho da shi daga gida kuwa sai ya yi ta ƙara ba ya cin gashi. Haka in an sayi firji a nan don kai wa gida, a duba ko yana ɗaukar 50, in ba haka ba injinsa zai yi ta zafi ya mutu da wuri. Tsofaffin gidaje har yanzu wasu na da soket na 127 kusa da na 220, a tambayi mai gida wanne ne wanne kafin a jona komai.

Ruwan famfo na teku ne da aka tace. Ana wanka da wanki da shi, na sha kuma jarka ake saye. A wasu unguwanni ba kullum yake zuwa ba, sai an kira tanka, wayit suke ce mata. Da rani tankin saman gida kan tafasa, ruwan azahar ya ƙona hannu. Dabarar mutanen gari: a kashe hitar banɗaki, ruwan da ya kwana a cikinta shi ne mai sanyi, sai a buɗe famfon zafi don alwala. A rufe duk wani mazubin ruwa, sauron zazzaɓin dengi na nan a Jidda, kuma da rana yake cizo.

Asibiti ya fi na gida nesa ba kusa ba, amma ajin inshorarka ke faɗin ƙofar da za ka shiga. Wajibi ne mai ɗaukar aiki ya yi maka ita. A nemi jerin asibitocin da ke karɓarta tun ana lafiya. Kemis ba ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Tramadol da maganin tari mai kodin kada su shigo jaka ba tare da takardar likita ba, kuma kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na surukinka ne. Goro ma a bar shi a gida.

Abinci bai da wuya. Tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, da safe, shinkafar Indiya buhu-buhu, kaji masu ƙanƙara da araha. Naman ragon Sudan da na Somaliya ya fi na ragon Saudiyya sauƙin kuɗi. Zoɓo karkade ne, tsamiya tamar hindi, gero duhun, duk suna shagon masu kayan ƙamshi. Laban, wato nono, na kwalba na dama fura lafiya lau. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa sai wajen matanmu a Shara Mansur da ke Makka, da tsada, don haka a ɗauro na wata uku. Tsire kuwa ya riga mu zama ɗan gari, siriya suke kiransa. Jikokin waɗanda suka kawo shi, masu laƙabin Hausawi, da yawansu Larabcin Hijaz ne a bakinsu, Hausa sai ta gaisuwa. Wanda ya zo da Larabcin littafi kaɗai zai yi wata da watanni yana ce musu su maimaita.

Maganar iyali lissafi ce. Kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka riyal 400 ne a wata. Uwargida da yara uku 1,600 ke nan, 19,200 a shekara, ban da inshora, makaranta da ƙarin ɗaki. Riyal daure take da dala, 3.75, shi ya sa albashin ke yin kauri in an juya shi naira, amma a nan za a kashe shi. A sa a rubuta a yarjejeniya wa zai biya wannan kuɗi, wa zai biya tikitin hutu da bizar fita da dawowa, wadda ke farawa daga riyal 200 na wata biyu. In ba a rubuta ba, a zo shi kaɗai a yi shekara tukuna.

Kuma zama a Makka ba izinin Hajji ba ne. Mazauni ma sai ya nemi tasrihi, wato takardar izini, ta manhajar Nusuk, sau ɗaya a shekara biyar. A 2025 tarar wanda aka kama ba shi ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a haɗa masa da kora da hana shigowa na shekara goma.