Ma'aunin zafi mai kama da bindiga ya ce 36.3, jikin yaro kuwa kamar garwashi

Tun zamanin korona wannan ma'aunin da ake haska wa goshi ya cika kemis-kemis. Kuɗinsa kun sani, ya ninka na ɗan siririn nan na hammata nesa ba kusa ba. Takaicina da shi ɗaya ne: daren da aka fi bukatarsa, a daren ya shirga ƙarya.

Yaro ne ɗan shekara huɗu, mura ta kwantar da shi, ga majina ga tari, wuyansa da cikinsa zafi rau. Aka haska goshi, fuskar na'urar ta kawo kore, 36.3. Aka sake, 36.1. Da aka saka na hammata aka matse hannun har ya yi ƙara, sai ga 38.9. Na hammata kuwa yakan gaza ainihin zafin da kusan rabin digiri, wato yaron ya haura 39. Wanda ya gaskata koren nan da bargo zai ƙara masa ya koma barci.

Dalili shi ne na goshin ba cikin jiki yake aunawa ba, zafin da fata ke fitarwa yake ɗauka. Goshin da zufa ta jiƙa, ko aka lafta wa basilin saboda hunturu, ko fanka ke bugawa, duk zai ba da lamba ƙasa. Na'urar ma in ta kwana a mota cikin sanyi, sai ta zauna a ɗaki kamar minti 20 kafin a yarda da ita. Akwai kuma maɓallin da ke sauya ta daga awon mutum zuwa awon abubuwa irin su kwalbar madara, yatsa na gogarsa ya sauya ba ka sani ba. Ƙura ma tana taruwa a ɗan idon da ke bakinta.

Da aka goge idon da auduga, aka share goshin aka jira ya bushe, aka riƙe ta santimita 3 zuwa 5, tazararta da na hammata ba ta kai rabin digiri ba. A nan kam na sauko. Ga yaro mai barci ba ta da na biyu, daƙiƙa ɗaya an gama ba a tashe shi ba, kuma ba sai an wanke ta tsakanin mutum da mutum ba.

Amma fa wajen ba da magani kada a dogara da ita. Daga 38 zazzaɓi ne, jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa asibiti kai tsaye. Farasitamol ɗin yara da nauyi ake lissafa shi, miligiram 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu cikin awa 24, kuma ba a ba yaro asfirin. Zazzaɓi a wajenmu yana bukatar gwajin maleriya ko da majina na zuba.

Sai batir. Ƙanana biyu take ci, da sun fara rauni lambobi su rikice. Da aka sauya su sai ta koma ma'aunin Amurka, ta nuna 100.4, gida ya ɗauki salati, alhali 38 ke nan. Takardar cikin kwalin rubutunta kamar ƙafar kiyashi, murfin batirin kuma ya karye a buɗewa ta biyu, yanzu da salatif aka ɗaure shi. Mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa.