Shagon gyaran kwamfuta a Jidda da bai yi gaggawar goge komai ba

Sana'ata a Jidda ita ce tura kayan 'yan kasuwa zuwa Kano, kuma duk lissafin aikin, daga sunayen masu kaya har nauyin kowane ƙunshi, yana cikin wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Kwanakin baya ta soma wani hali da ban san ta da shi ba: fankarta tana kuka ba ƙaƙƙautawa ko da ban buɗe komai ba, ƙasanta ya yi zafi kamar murfin tukunya, shafin Excel guda kuma sai na gaji da jira kafin ya buɗe. Shaguna biyu na fara shiga a titin Khalid bin Walid, inda masu harkar kwamfuta suka yi yawa, kuma dukansu ko kunna ta ba su yi ba suka yanke hukuncin cewa sai an yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora Windows. Na ukun, wanda wani abokin aikina ya kwatanta mini, shi ne dalilin wannan rubutu.

Mai shagon matashi ne Bahaushe haifaffen Makka, Hausarsa tana tafe da Larabci jefi-jefi. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya ce, "Kawu, matso ka gani da idonka." Ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager, wurin da ke nuna duk abin da ke aiki a kwamfutar, ya buɗe, sai ga wani fayil mai suna svchost.exe a saman jeri yana cinye kusan duk ƙarfin na'urar. Ya bayyana mini cewa sunan ba baƙo ba ne, domin na Windows ne na asali, kuma ganin irinsa da yawa suna aiki lokaci guda ba abin tsoro ba ne. Inda fayil ɗin yake zaune shi ne ke tona masa asiri. Na gaskiya gidansa C:\Windows\System32, kuma yana ɗauke da sa hannun Microsoft. Wannan kuwa, da aka bi sawunsa, sai aka same shi a ɓoye cikin AppData, inda manhajoji ke ajiye bayanansu, babu sa hannun kowa a jikinsa. Kura ce da fatar akuya.

Duk da haka bai goge shi nan take ba. Ya ɗora shi a VirusTotal, shafin da Google ya saya a 2012, wanda ke gwada fayil da manhajojin tsaro kusan saba'in, kuma mafi yawansu suka nuna cewa manhajar haƙar kuɗin kirifto ce, wato wani can yana tara kuɗi da wutata da na'urata. A nan ya ja mini kunne da kada in taɓa ɗora takardun sirri a shafin, saboda abin da aka ɗora yana iya kaiwa hannun kamfanonin tsaro. Da ya tambaye ni abin da na buɗe a kwanakin, sai na tuna wani "jerin kaya" da aka turo mini ta WhatsApp daga lambar da ban sani ba. Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil idan ba a umarce shi ya nuna ba, don haka abin da na ɗauka takardar PDF ce ashe cikakken sunansa da .pdf.exe ya ƙare, wato manhaja ce da ke fara aiki da zarar an danna ta. Kunya ta kama ni, amma bai tsaya a kanta ba, ya kunna nuna ƙarshen sunaye kawai ya ci gaba.

Wajen cirewar ne na ga bambancinsa da sauran. Da gangan ya goge fayil ɗin ya sake kunna kwamfutar, domin in ga yadda zai dawo, kuma ya dawo. Sai ya buɗe Autoruns, wata manhaja ta kyauta daga Sysinternals na Microsoft mai jero duk abin da ke tashi tare da Windows, inda ya gano wani umarni da aka dasa a Task Scheduler, sashen Windows mai tayar da ayyuka da kansa a lokacin da aka tsara, da suna mai kama da na sabunta manhaja, wanda shi ne ke sake sauko da fayil ɗin. Ya cire intanet, ya shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwansa kaɗai, ya tumɓuke umarnin da fayil ɗin, sannan ya sa Microsoft Defender, manhajar tsaro ta Windows, ya yi binciken nan da yake yi kafin Windows ya tashi. Ya kuma umarce ni in canza kalmomin sirrin imel da banki da Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ta wayata a daren, kuma bai ɓoye mini ba cewa idan abin ya sake ɓullowa, to babu makawa sai a kwashe takarduna a goge komai.

Shagon yana da nasa aibi. Ƙarami ne, kujerar baƙo ɗaya ce, shi kaɗai ne a ciki, kuma duk wanda ya leƙo neman caja ko linzami sai ya ajiye aikina ya sallame shi, har na shafe sa'o'i uku daga la'asar zuwa bayan magariba. Bai faɗi kuɗin aiki tun farko ba, sai a ƙarshe na ji riyal 150, wanda ya ɗara abin da masu fomatin suka nema, rasit kuma sai da na tambaya. Ya kuma matsa mini in sayi wata manhajar tsaro ta shekara-shekara, na ƙi, tunda Defender ɗin da ya yi aiki da shi a gabana kyauta yake cikin Windows. Wanda zai je ya yi ciniki kafin ya ajiye na'urarsa, ya kuma tafi da cajarsa.

Yau kwana tara fankar tana shiru, kuma ko layi ɗaya na lissafina bai ɓata ba. Saura magana guda da ya bar ni da ita a bakin ƙofa: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka zan koma wajensa a wata mai zuwa ya duba ko tsohuwar tawa za ta iya ɗaukar Windows 11.