Fenti ko takardar bango: wanne ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki?

Shawarar da kowa ke bai wa mai ƙaramin ɗaki ita ce ya shafa farin fenti ya huta. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Fari yana yin kyau ne a ɗakin da rana ke shiga sosai, domin aikinsa shi ne mayar da hasken da ya faɗo masa. A ɗakin da tagarsa ƙarama ce, ko katanga ta tare ta, farin bango kan dusashe ya koma ruwan toka, kusurwoyi su yi duhu, ɗakin ya zama kamar ba a gama shi ba. Saboda haka kafin ka je sayen komai, ka zauna a ɗakin da safe, da rana tsaka, da bayan an kunna fitila, ka ga irin hasken da yake samu.

Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba a katin launukansu, LRV, daga 0 zuwa 100. Tana nuna yawan hasken da launin ke mayarwa: baƙi wuluk yana kusa da 0, fararen fenti kuma galibi sun haura 80. Ga ƙaramin ɗaki mai matsakaicin haske, ni na fi son launin da ke tsakanin 60 da 75, kamar ruwan madara, ruwan toka mai haske, ko kore da shuɗi masu sanyi. Suna buɗe ɗaki ba tare da sun kashe ido ba. Idan kuwa ɗakin duhu ne da shi tun asali, kamar lungun karatu ko banɗakin baƙi, launi mai duhu kan fi fari kyau, don yana ɓatar da iyakar bango har ido ya kasa gane inda ɗakin ya ƙare. Ka tuna da ƙwan fitila ma: mai lamba 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, yana ƙara wa ruwan madara ɗumi, mai 6500K kuwa yana jan komai zuwa shuɗi.

Bayan launi sai sheƙi, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Fentin ruwa marar sheƙi yana ɓoye tabo da rashin daidaiton filasta, amma ba ya son goga da yawa. Mai ɗan sheƙi, wanda ake kira satin, yana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya sa ya dace da ɗakin yara da wurin wucewa. Fentin mai, mai ƙyalli sosai, a bar shi ga ƙofa da taga, domin a bango yana tona asirin kowane rami. Wata dabara da nake ƙauna ita ce a shafa wa bango da ƙofa da gefen taga launi ɗaya, ko a haɗa har da silin. Duk layin da ya raba launi biyu yana gutsura ɗakin a ido, ƙaramin ɗaki kuwa ba shi da abin da za a gutsura.

Takardar bango tana ba da abin da fenti ba zai iya ba, wato zane da zurfi. Layuka a tsaye suna ɗaga silin a ido, na kwance suna faɗaɗa bango. Ana yawan cewa ƙaramin ɗaki sai ƙaramin zane, amma ƙananan furanni da suka cika bango huɗu sukan sa ɗaki ya yi hayaniya. Babban zane mai sarari a tsakaninsa, a bango ɗaya kacal, kamar bayan gado, ya fi kwantar da ido, sauran ukun a shafa musu launin da aka ɗauko daga cikin zanen.

Ita ma iri-iri ce. Ta zallar takarda tana da laushi, ba ta jure ruwa. Mai rufin roba tana wankuwa, sai dai ba ta barin bango ya sha iska, don haka idan akwai danshi a ciki, fumfuna za ta taru a bayanta ba ka sani ba. Akwai wadda ake shafa gam ɗinta a bango maimakon a takardar, ita ce ta fi sauƙin liƙawa da cirewa. Akwai kuma mai gam a jikinta, a ɓare a manna, wadda ta dace da ɗan haya, amma tana buƙatar bango mai santsi. Idan bangonka na tsatsafo da ruwa, kada ka sayi ko ɗaya sai ka gyara tushen danshin. Sabuwar filasta ma a bar ta ta bushe sarai tukuna.

Ga lissafi a ɗaki mai mita 3 tsawo, 3 faɗi, da tsayin mita 2.7. Bangonsa kusan murabba'in mita 29 ne bayan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fentin ruwa kan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12, ana kuma shafawa sau biyu, ka ga lita 5 zuwa 6 ke nan. Naɗin takardar bango da aka saba yana da faɗin santimita 53 da tsawon kusan mita 10, wato kowane naɗi zai ba da tsiri uku masu tsayin bangon wannan ɗakin. Bango huɗu zai ci naɗi 8, bango ɗaya naɗi 2. Fenti ya fi sauƙin gyara idan ya kwarzane, kuma canza shi aikin yini ɗaya ne ko biyu, takarda kuwa idan ta yage sai an sauya tsirin duka.

Don haka ka ƙara naɗi ɗaya na ajiya, ka kuma duba cewa lambar bugu a jikin dukkansu ɗaya ce, domin launi kan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu. Fenti kuma ka fara da ƙaramin gwangwani: ka shafa shi sau biyu a babban kwali, ka riƙa jingina shi a bango daban-daban na kwana biyu, musamman kusurwar da ta fi duhu, kafin ka sayi babban bokiti.